Hannun Maiwada a Kan Gilashi

Litinin, 7 ga Yuli, 1986

Yau aka kawo kwamfutar da mai shagonmu, Alhaji Manu, ya daɗe yana cika mana kunne da ita. Chukwuma ne ya ɗauko ta daga Kaduna, a naɗe cikin bargo kamar jinjiri. Ɗan mai sayar da kayan keke ne na nan Funtua, a nan aka haife shi, ya yi karatu a Zariya. Hausarsa ta fi ta wasu 'yan unguwarmu.

Akwati ce mai gilashi kamar talabijin. Abin da Alhaji yake taƙama da shi, wai ba sai an danna haruffa ba, gilashin ake taɓawa da yatsa. Chukwuma ya zana hotuna a ciki: auduga, masara, dawa, gyaɗa. Manomi ya taɓa amfanin gonarsa, sai hotunan ƙwari su fito. Ya taɓa wanda ya dame shi, sai wata ƙaramar na'ura ta fito da takarda mai sunan maganin feshi da yadda za a haɗa shi. Maganin kuma a shagonmu za a saya, ai dalilin ke nan.

Alhaji ya ce, "Malam Ɗanasabe, ga amaryarka, kai za ka riƙa kula da ita." Shekara goma ina bugun tafireta a ofis kafin a rage ma'aikata. Yanzu na zama mai gadin gilashi.

Alhamis, 10 ga Yuli

Yatsu. Tun safe yatsu.

Man ƙuli-ƙuli, jan goro, ƙasar gona. Wani daga Danja ya fyace majina, ya goga a gefen riga, ya miƙa hannu. Wani sai da ya lashi yatsa tukuna, kamar zai buɗe littafi. Rabinsu ba magani suka zo saya ba, kallo ne. Da yamma in na tsaya ta gefe, haske ya doki gilashin, sai in ga ƙazantar gari guda a kansa. Chukwuma ya hana a sa masa ruwa, sai tsumma busasshe, wanda ba ya komai sai baza maiƙon.

Na koma gida na kasa cin tuwo. Matata Maijidda ta zaci miyarta ce.

Asabar, 19 ga Yuli

Ƙuda ya sayi magani yau. Ya sauka a kan hoton masara, ya taka zuwa na gyaɗa, na'urar ta yi ta fitar da takardu. Chukwuma ya ce akwai ƙananan ramuka kewaye da gilashin masu fitar da hasken da ido ba ya gani, duk abin da ya tsinka hasken, ita a wurinta yatsa ne. Wato ba ta san mutum da ƙuda ba. Tir.

Laraba, 30 ga Yuli

Chukwuma ya zo gyara, ya zauna yana yi mini wa'azi. Wai nan gaba babu mai buƙatar haruffan dannawa, kowane ofis gilashi za a riƙa taɓawa. Na ce ya gwada rubuta wasiƙa a haka. Ni na gwada, ya sa mini haruffa a gilashin, kafin in gama gaisuwa kafaɗata ta ƙage. Abin da aka kafa a tsaye kan tebur, hannu ba zai wuni a sama dominsa ba.

Bai musa ba. Ya ce shi ya sa wata rana za a yi ta siririya, a kwantar a cinya kamar allon karatu, mutum ya saƙale ta a hammata ya tafi gona. Na tambaye shi ko janareto a kan jaki zai riƙa bin mutumin. Ya yi dariya har da buga cinya.

Abin da ban faɗa masa ba: in kowa zai sami tasa, da sauƙi, kowa ya ji da ƙazantarsa. Amma a hammata?

Talata, 12 ga Agusta

Ban so in rubuta wannan ba.

Wani dattijo ya shigo, Maiwada, manomin auduga daga Mahuta. Riga fes, hula fes. Sai da ya fito da hannu na gani. Kuturta ta cinye masa yatsu, na dama babu ko ɗaya mai tsawo, dungu ne kawai. Ya lura da idona, ya ce ya sha magani shekaru, likita ya sallame shi tun kafin a yi canjin kuɗi, ya warke. Na matsa gefe.

Ya tsaya gaban na'urar, ya kai dungun kan hoton auduga. Ta amsa. Ya ja baya, ya sake taɓa dawa, ta amsa. Sai ya fashe da dariya, ya juyo ya ce mini, "Ka ga wannan ba ta ja da baya."

Ya daɗe yana wasa da ita kamar yaro. Da ya fita na goge gilashin sau ban san adadi ba, na jefa tsumman a kwata, na wanke hannu da sabulun wanki har fata ta yi fari. Ni ko taɓa shi ban yi ba.

Alhamis, 21 ga Agusta

Ya dawo, kuma da maƙwabtansa biyu, shi ne ma yake koya musu. Na yi wa Alhaji magana. Ya ce ciniki ya zo yi, in bar shi.

Litinin, 1 ga Satumba

Alhaji Mudi ya zo, babban mai gona na hanyar Malumfashi, wanda yake ɗaukar magani mota guda. Ya tarar da Maiwada a gaban gilashin. Ya tsaya cak a bakin ƙofa, ya tofar da goro a dandamalin da na share da safe, ya ce ashe gilashin kutare Alhaji Manu ya saya. A gaban kowa. Maiwada ya karɓi takardarsa ya fita, bai ɗaga kai ba.

Wannan Alhaji Mudin, makon jiya da idona na ga ya sakace haƙori da farce ya dangwala a kan hoton masara.

Duk da haka na ji daɗi da aka sami wanda ya faɗa. Gaskiya ke nan.

Juma'a, 5 ga Satumba

Maganar ta zaga tasha da kasuwa. Shago fayau. Masu zuwa ma tsayawa suke daga nesa, su ce in taɓa musu.

Alhaji Manu ya kira ni bayan masallaci ya ce kada mutumin nan ya sake tsallake ƙofa. Chukwuma yana wurin, ya ce wanda ya gama shan magani ba ya sa wa kowa, a tambayi kowane likita. Ya ƙara da cewa ba dole ma a taɓa gilashin ba, yatsa ya matsa kusa ya isa. Alhaji ya ce ya je ya yi wa kasuwar Funtua wannan bayanin. Chukwuma ya tattara kayansa ya tafi ba sallama.

Asabar, 13 ga Satumba

Maiwada ya zo da gwangwanin madara a hannu. Na tare shi a ƙofa na faɗa masa umarnin Alhaji. Ya ce to. Ya ce wata tsutsa ce ta faɗa wa audugarsa, ya kamo ta, in ya ga hotonta zai gane. Na ce ya buɗe daga nan in gani, ni zan taɓa masa.

Ya miƙo mini gwangwanin da hannu biyu. Ban karɓa ba. Na leƙa daga inda nake, na ga abu yana motsi a cikin ganye. Na koma na taɓa hoton tsutsar da ke naɗe ganye. Na ajiye masa takarda da kwalba a kan benci, ya ɗauka.

Ya ce, "Malam, ka dai gan ta da kyau?"

Na ce na gani.

Laraba, 24 ga Satumba

Ya dawo. Bai shigo ba, bai ɗaga murya ba. Ya kwance bakin buhu ya zazzage ƙwallayen auduga a kan bencin waje. Kowanne da huda, ya ɓare ɗaya da haƙori, ciki ya ruɓe baƙi ƙirin, tsutsar tana kwance abinta. Wari kamar na rijiyar da ɓera ya mutu a ciki. Ashe mai huda ƙwallo ce, maganinta daban, hotonta yana kusa da wanda na taɓa.

Ya ce gefen gonar na gabas ya tafi. Na yamma in an yi sauri, wataƙila. Ya ce feshin farko sai da ya roƙi mutum ya yi masa, don hannunsa ba ya riƙe famfon, yanzu kuwa kowa yana ta kansa.

Alhaji ya leƙo, ya ce a kwashe wannan ƙazantar daga ƙofar shago, ya koma ciki. Ko sannu.

Na kwashe. Da hannuna, don babu tsintsiya kusa.

Alhamis, 25 ga Satumba

Ƙyama nake ji, ban san ta wa ba.

Lahadi, 28 ga Satumba

Na ari babur ɗin ƙanen Maijidda, na ɗaure tankin feshi da maganin da ya dace, na tafi Mahuta. Don sunan shago na je. In labari ya bazu cewa takardarmu tana kashe gona, ni za a kora.

Hanya duk taɓo. Na sami gonar a bayan gari. Ban taɓa ganin auduga mai tsabtar layi irin wannan ba, babu ciyawa ko ɗaya. Matarsa Mero ta ce da igiya yake ɗaure fartanya a hannu. Na yi feshi tun hantsi har la'asar, shi yana ɗebo ruwa da tulu a kafaɗa yana zuba mini. Maganin ya sa mini jiri, na yi amai a kan iyakar gonar. Ya dafa mini baya har na gama. Ban iya cewa ya bari ba, bakina a cike yake.

Mero ta kawo fura. Ta kawo mini a sabuwar ƙwarya, ta ce ba a taɓa sha da ita ba. Ban tambaye ta ba, ita ta faɗa. Na sha, kunya ta hana ni kallonsu.

Ya tambaye ni lafiyar na'urar, kamar mutum.

Talata, 14 ga Oktoba

Na'urar ta haukace. Gizo-gizo da ƙura sun toshe ramukan, a taɓa auduga ta ba da dawa. Chukwuma ya zo da ƙyar, ya busa, ya tsokale da tsinke, ta dawo. Alhaji ya ce ya gaji, a kashe taɓawar, a juya gilashin ya fuskanci kujerata, ni kaɗai in riƙa danna haruffa.

Abin da nake so ke nan tun ran farko. Gilashi tas, babu yatsan kowa.

Sai dai yanzu manomi zai tsaya ya yi ta kwatance, wai tsutsa ce mai ɗan kore-kore, ni kuma in yi ta canka. Da can ido ya gani, hannu ya nuna, an gama. Na faɗa wa Chukwuma haka a waje. Na ce don wasiƙa abin nan shirme ne, amma ga wanda bai iya karatu ba, ban san abin da ya fi shi ba. Ya ce in jira allonsa. Na ce kafin nan jikokina sun yi furfura.

Ya nuna mini yadda ake mayar da taɓawar. Maɓalli biyu ne kawai. Ban roƙe shi ba.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Mahuta kuma. Feshi na biyu wajibi ne, haka takardar ta ce.

Asabar, 29 ga Nuwamba

Maiwada ya zo gari kai auduga. Gefen yamma ya yi, ba laifi. Ya tsaya a bakin ƙofa inda ya saba tsayawa, ya ce zai adana wake, yana son maganin ƙwarin rumbu.

Alhaji yana zaune yana jin rediyo. Na danna maɓallan nan biyu, na juya gilashin waje, na ce ya shigo ya nuna da kansa, ni na gaji da canka. Alhaji ya rage rediyon ya ce, "Ɗanasabe." Na ce, "Ranka ya daɗe, in na sake kuskure, rumbu guda ne." Ya dube ni, ya dubi titi, babu kowa. Ya ƙara muryar rediyo. Ko gobe zai ce in ajiye makulli, ban sani ba.

Maiwada ya taɓa, ta amsa. Bai yi dariya ba wannan karon. Ya karɓi kayansa, muka yi sallama a ƙofa, ya ce in gaida iyali.

Sai da ya sha kwana na tuna mun yi musafaha. Ban san wanda ya fara miƙa hannu ba. Hannunsa tauri ne da shi kamar ƙotar fartanya, da ɗumi.

Da muna cin abinci Maijidda ta tambaye ni me nake ta kallo a tafin hannuna. Na ce mata ƙaya ce.