Ruwa Mai Laka da Maƙalar Farfesa

Litinin, 3 ga Maris

Yau ma an ambaci maƙalar Farfesa, mai duba binciken digirina, a wata mujalla da ko sunanta ban iya furtawa ba. Maƙalar nan tata ce da ta nuna yadda za a gano ƙwayar kwalara a ruwan rijiya ba tare da na'ura mai tsada ba. Dubban masu bincike sun kafa hujja da ita, jami'an lafiya kuma da ita suke yanke hukuncin rufe rijiya ko barinta. Na ruga ofishinta da murnata, ina nuna mata a waya. Ko kai ba ta ɗago ba. "Allah ya sa sun karanta kafin su ambata. Kin wanke kwalaben?" Wannan mata! Da ni ce, har maigadi sai ya sha labari.

Alhamis, 6 ga Maris

Gwajina ya ƙi. Ruwan rijiyoyin bayan kasuwa ne, mai laka-laka. Hanyar Farfesa ta ce lafiya lau yake. Na shuka shi a farantin gwaji ta tsohuwar hanya, washegari sai ga ƙwayoyin sun fito, rawaya-rawaya. Hannuna ne, ba shakka.

Lahadi, 9 ga Maris

Na maimaita. Haka dai.

Talata, 11 ga Maris

Ba hannuna ba ne, kuma na fi so a ce hannuna ne. In ruwa garau yake, hanyarta ba ta kuskure. In da laka, sai ta makance. Dogo, abokin karatuna, ya leƙa farantan ya riƙe baki. "Ke, rufa wa kanki asiri. Matar da za ta sa hannu a digirinki za ki ce wa ta yi kuskure? Sake rijiya kawai." Amma fa da idona na ga mata suna cika jarkoki a can.

Yaya ta kira da yamma. Wai Inna ta gaji da ce wa mutane "ai ta kusa gamawa". Tsoro nake ji, gaskiya.

Juma'a, 14 ga Maris

Na faɗa wa Farfesa. Sai da na ba ta haƙuri har na rasa inda na tsaya kafin maganar ta fito. Ta bar ni na gama kame-kamena, sannan ta ce, "Kawo ruwan." Ta cire agogo da zobe, ta saka farar riga da safar hannu. Ba ta bari na taɓa komai ba, ko murfi. Na tsaya ina kallon hannunta: ba sauri, ba ɗigo ko ɗaya a kan tebur. Ashe ba a banza ake ambatonta ba. Da za ta fita ko sallama ba ta yi mini ba. Shi ke nan, na ce a raina, na kashe kaina.

Litinin, 17 ga Maris

Nata ma rawaya suka fito. Ta daɗe tsaye a kan farantan. Can ta ce, kamar da kanta take, "Rijiya nawa aka bari a buɗe saboda ni?" Kafin ta ce mini uffan sai da ta kira jami'in lafiya, ta ce a rufe na bayan kasuwa yau ɗin nan, kuma ta faɗa masa dalili ba tare da ta rage komai ba.

Sannan ta juyo. "Ki rubuta. Sunanki a farko, nawa a ƙarshe."

Na ce, "Farfesa, maƙalarki fa? Za su daina ambatonta."

"Maƙala ba ta amai da gudawa, 'yata. Yara ne ke yi."

Na shiga banɗaki na yi kukana son raina. Dogo ya ce wai shi ma dama abin da ya so na yi ke nan. Maƙaryaci.

Laraba, 2 ga Afrilu

Ta dawo mini da rubutun, ja-wur da biro. Duk inda na sa "wataƙila" ko "a wasu lokuta ƙalilan" don na sassauta mata, ta soke. A gefe ta rubuta: "Bincike kike yi ko gaishe da suruka?" Ban taɓa ganin mai gyara wuƙar da za a yanka aikinta da ita haka ba. Ina sonta, kuma tana gajiyar da ni.

Litinin, 28 ga Afrilu

An aika maƙala. Ta sa hannu a babina na ƙarshe.

A taron safe tana bayanin sabon gwaji, ta faɗi tsawon lokacin da za a bar ruwa ya kwanta. Sai na ji bakina ya ce, "A'a, Farfesa, ya yi kaɗan. Lakar ba ta gama sauka ba a lokacin." Ta dube ni ta saman tabarau, ta goge allo, ta miƙo mini alli.

Sai da na iso gida na tuna ban ba ta haƙuri ba kafin na faɗa. Gajiya ce, ina jin.