Kwas Ɗin Ranar Talata

Daren Alhamis, Kura.

Yau aka liƙa sakamako, GP ɗina, wato matsakaicin makina, ya yi ƙasa sosai. Na ce wa malamin ajinmu, "Malam, ai A biyu na ci." Ya ce, "Masu yunit ɗai-ɗai ne, Bashir. Kowane maki da yunit ɗinsa ake ninka shi, kai kuma kwas mai yunit huɗu ka faɗi."

Kwas ɗin Talata ke nan, ranar da ake sako mana ruwa a kanal. Duk Talatar zangon ina gona ina yi wa Baba ban ruwan albasa. Bai taɓa cewa in zo ba. Ni na ɗauka duk kwas ɗaya ne.

Da yamma Baba ya nuna min yadda albasar ta yi kyau, ya ce, "Aikinka ne wannan." Na kasa kallonsa.