Mutumin da Ya Faɗo Cikin Tumaki

Zuwa ga Apa,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ciwon gwiwar nan kuma ya yi sauƙi. Jikokinki suna gaishe ki.

Apa uwata, arziki ya faɗo mana daga sama! Ranar Talata muka ji ƙara kamar aradu alhali babu hadari, sai ga wani baƙin jirgi marar tambari ya tarwatse bayan rijiyar gonar gwamnati. Matuƙin ya sauko da lema a tsakiyar tumaki, sanye da riga mai igiyoyi da kwalkwali kamar tukunya. Kin san kullum rediyo cewa take mu sa ido a kan 'yan leƙen asirin Amurka. Maigidana, Baban Aigul, da yake shi ne shugaban gonar, ya tara maza. Aka yi tambayar duniya, mutumin nan ko uffan, bakinsa sai jini. Aka rufe shi da sandunan kiwo, ni ma na samu na jefa dutsena.

Ƙanena Tolegen, autan nan naki mai raunin zuciya, shi kaɗai ya yi ta roƙon a bari, har ya kwance ɗamararsa ya ɗaure wa maƙiyi cinya don jinin ya tsaya. Na ji kunya wallahi. Kafin sojoji su iso dai mutumin ya cika. Ana raɗe-raɗin lambar yabo na tafe, wataƙila har da mota.

Ki gaishe da maƙwabta.

'Yarki,
Kulyash

Zuwa ga Apa,

Ina gaisuwa, da fatan kin tashi lafiya. Mu dai da sauƙi.

Ashe namu ne. Jirgin gwaji ne na sojojinmu, irin mai tashi inda ko mikiya ba ta kaiwa, kuma muƙamuƙin matuƙin ne ya karye, shi ya hana shi magana. Wani hafsa ya zauna a ɗakina, ya cinye mini naman doki, sannan ya ce shi ba gari guda yake so ya hukunta ba, mutum ɗaya ya ishe shi. Yana maganar yana kallon Baban Aigul.

Ɗamarar Tolegen sojoji suka samu a jikin gawar. Da suka tambaye ni na ce e, ta ƙanena ce, kuma shi ya fara duka. Duk gari suka gyaɗa kai.

Kada ki tsine mini. 'Ya'ya huɗu gare ni, shi kuwa ko mata bai ajiye ba. Wa ma ya aike shi tausayi? Da ya ɗauki sanda kamar kowa, da yanzu yana gida yana shan shayi.

Da za a tura shi cikin mota bai zage ni ba. Cewa kawai ya yi in gaya miki kada ki jira shi yankan dokin da muke yi duk hunturu, ki nemi wani ya riƙe miki wuƙa. To, na isar da saƙo.

Allah ya ƙara miki lafiya da haƙuri.

'Yarki, wadda ta rage miki,
Kulyash