Yadda Kofur Ke Rakiya

Zuwa ga amaryata, tsohuwa mai ran ƙarfe,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya ƙafar taki? Ya su Inna da yara? Ina fata ba ki yi sabon miji a bayana ba.

Kaka, idona ya ga abin mamaki. Jami'ar nan gari guda ce, ɗakin littattafansu kaɗai ya fi unguwarmu girma. An sa ni a sashen rakiya na masu tsaro. Duk ɗalibin da ke tsoron hanya sai ya bugo waya, mu je mu taka masa har inda za shi, ba a tambayarsa dalili. Ni da iyakar karatuna allo, yau ga ni kafaɗa da kafaɗa da likitocin gobe!

An haɗa ni da wani dattijo, Kofur muke ce masa, mutumin da magana ke yi wa tsada. Akwai wata ɗaliba mai jan gyale da muke rakawa kullum da yamma. An taɓa fizge mata jaka a kan 'yar gadar da ke tsakanin ɗakin kwanansu da ajujuwa, tun daga ranar ƙafarta ta ƙi hawa gadar ita kaɗai. Har ta haɗa kaya za ta bar karatu, ga jarrabawa ta ƙarato. Na ce wa Kofur bari in laɓe ƙarƙashin gadar in yi kukan akuya, dariya ta kore tsoron. Har yanzu kunnena bai huce daga murɗar da ya yi masa ba.

A gaida kowa.
Angonki, Sarkin Tsiya

Amaryata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki, zauna da kyau ki ji.

Na lura Kofur ya fara nawa wajen tafiya. Da farko a gefen yarinyar muke tafiya, sai ya koma bayanta kaɗan. Kullum da uzurinsa: yau igiyar takalmi, gobe tari. In na yi gaba ya damƙo rigata. Na ɗauka tsufa ne, har na yi masa tayin sandarki. Sai dai duk nisan da muka bari, yana kaɗa makullan ƙugunsa yadda za ta riƙa jin ƙararsu a baya.

Ranar jarrabawa muna isa bakin gadar ya tsaya cak, ya dunƙule makullan a hannu. Shiru kake ji. Yarinyar nan ta hau, kanta a cikin takarda, ta wuce daidai wurin da aka tare ta, ta sauka. Sai a ƙofar aji ta waiwayo don ta yi godiya, ta hango mu can tsallake ƙanana kamar 'yan tsaki. Ta daɗe a tsaye, hannu a baki. Kofur ya sara mata.

Tun daga ranar ba ta sake bugowa ba. Jiya na hango jan gyalen a kan gada, tana riƙe da hannun wata sabuwar ɗaliba.

Yanzu ki faɗa min gaskiya. Lokacin da nake tsoron karen lungun makarantar allo, kika riƙa tsayawa a baya wai ƙafa ke ciwo, ashe wayo kika yi min? To ciwon ƙafar nan na yanzu ma ban yarda da shi ba.

Allah Ya ƙara miki lafiya.
Angonki, Sarkin Tsiya