Alamar Tsayawa a Mahaɗar Damilu

Hamma Buba,

Ina gaisuwa. Ya jikinka, ya Adda da yara? Mu nan lafiya, sai dai zuciya ba daɗi.

Maƙwabcinmu Yohanna mai keke ya rasu. Wani baƙon direba mai bin taswirar waya ya faɗo mahaɗar Damilu bai tsaya ba, ya bi ta kansa.

Na shiga taswirar waya da kowa ke iya gyarawa, na saka alamar tsayawa a mahaɗar. Washegari wani ya goge, wai ba a saka abin da babu shi a titi. Allon tsayawar kuwa tun bara 'yan jari-bola suka tuge shi.

Ka sa iyalinsa a addu'a, ka gaida kowa. In ka zo, don Allah ka tsaya a mahaɗar nan, ko wayarka ba ta ce ba.

Ƙanwarka,
Dija