Tankin Mai a Bayan Rijiyarmu

Fagge, Kano

Zuwa ga Yaya Bukar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya karatu, ya sanyin Turai, ya Amina da goyonta? Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba.

Tun da motoci suka cika gari, Alhaji Sule, aminin marigayi Baba, ya buɗe gidan mai a bayan katangarmu, ya binne ƙaton tanki a ƙasa. Yanzu ruwan rijiyarmu warin fetur yake. Mai yasar rijiya ya shiga, ya fito da marmarar nan da ta karya digar Baba, tana marmashewa a hannunsa kamar dambu. Ya rantse ba zai sake shiga ba. Bangon ɗakin Inna ma ya tsage.

Na ce a yi wa Alhaji magana, Inna ta ce, "Mutumin da ya yi wa ubanku wanka? Da wane bakin?" Na ce to mu koma Sabon Gari wajen Kawu, ta ce sai dai a fitar da gawarta. Ni kuma ina zan tafi in bar ta?

Kai da kake karatun duwatsu, gaya mini gaskiya: dutsen da ya sha mai yana komawa daidai, ko jira kawai muke?

Ka gaishe da kowa. Don Allah ka sa mu a addu'a, yanzu sai na yi kalmar shahada nake ƙyasta ashana.

Ƙanwarka,
Yagana