Allon Kabarin Baba Ya Yi Kama Da Na Agashe

Gwaggo Sabah, don Allah ki agaza mini kafin Sallah ta zo, kaina ya ɗaure.

Ni mai agashe ne a bakin titin Suki. Shekara biyu ina gasa nama motoci na wucewa ba mai waiwaye. Sai Yaya Bilyamin, wan matata Raihana, wanda ke da maɗaba'a a Damazin, ya yi mini allon talla kyauta. Ki ga rubutu, Gwaggo! Haruffa masu kauri kamar gaɓar rake, ba lanƙwasa ba ƙawa, duk sun karkata gaba kamar ana korarsu, Larabci a sama, boko a ƙasa. Direba na gudu zai karanta tun daga nesa. Yanzu kafin la'asar tirena ya ƙare. Wallahi bayan Allah, Yaya Bilyamin ne ya tsayar da ni, kuma ba zan manta ba.

To Baba ya rasu wata uku da suka wuce. Ba wanda ya roƙi Yaya, sai ya aiko da allon ƙarfe na kan kabari, da sunan Baba da ranar rasuwa. Amma da irin rubutun nan ne sak, na agashe. Da Iya ta gani, ko karatu ba ta iya ba, ta gane shi. Ta fashe da kuka, ta tambaye ni ko sayar da mahaifina zan yi. Na tura allon ƙarƙashin gado.

Ranar Idi bayan salla duk mukan tafi maƙabarta, kuma Yaya zai zo. In na kafa, na ɓata wa Iya. In ban kafa ba, na zama butulu. Raihana ta ce ba ruwanta. Ina son mutumin nan, kunyarsa nake ji.

Mai Agashe, Suki

Ɗana Mai Agashe,

Allah ya jiƙan Baba. Ka fito da allon nan daga ƙarƙashin gado, ɓoyo ba zai kai ka ko'ina ba.

Iya tana da gaskiya. Rubutu mai kauri da karkata an yi shi ne don ya yi ihu: kalma biyu ko uku, a jikin mota, a ƙofar shago, a rigar 'yan ƙwallo, inda mai karatu ke sauri. A maƙabarta ba mai sauri. Can rubutu miƙaƙƙe ake so, siriri, mai natsuwa, irin na littafi.

Amma Bilyamin bai yi don raini ba. Ya ga irin wannan rubutun ya kawo maka alheri, sai ya ɗauka shi ne mafi kyawun abin da zai ba surukinsa. Kuskure ne na mai ƙauna.

Kada ka aiki Raihana, kada ka yi waya. Ka shiga mota da kanka zuwa Damazin makon nan, da ƙunshin agashe mai zafin yaji. Ka fara da godiyar da ka zuba mini a wasiƙa, don na lura ni ka faɗa wa, ba shi ba. Sannan ka gaya masa kukan Iya ba kwana-kwana, ka roƙe shi ya sake wani da hannunsa. Kai aikin wata maɗaba'a a ɓoye shi ne zai zama butulcin.

Ranar Idi kuma ka miƙa masa sabon allon, shi ya kafa. Allah ya sanyaya zuciyar Iya, ya bar ku tare.

Gwaggo Sabah